Sau Uku Ake Kiran Suna

"To gaya mini, Mama, kina ina lokacin da ta ƙwanƙwasa?"

"Ina aiki."

"Aiki. Da kofi a hannu."

Nubia ke nan, 'yata, tsaye a kaina a kicin, ko jakarta ba ta ajiye ba. Ni Eufemia, shekara ashirin da shida ina sharar kotun garinmu, alƙalai bakwai sun zo sun wuce a idona, babu wanda ya taɓa titsiye ni kamar yarinyar nan da na haifa.

Na ce, "Ke, rage murya, Chela za ta ji ta katanga."

"Ta ji mana. Ai tare kuke a ciki."

Gaskiya ce, tare muke.

*

Bara aka buɗe ɗakin a kotun. An yanka jan ƙyalle, an ɗauki hoto, an kafa allo wai ɗakin masu shayarwa. Kujeru biyu masu laushi, fanka, ɗan firij. Da manya suka watse aka miƙo mini mukulli, tunda ni ce mai shara. Sati biyu ba wadda ta leƙo, don ba a gaya wa kowa ba. Sai na jingine tsintsiyoyina a lungu. Sai wainar masarata ta shiga firij. Daga nan ni da maƙwabciyata Chela, mai buga takardun kotu, muka mai da shi wurin hutun ƙarfe goma. Allah ya sani, duk auren da ya mutu a garin nan, a kan kujerun nan muka fara yanke masa hukunci kafin alƙali.

Ranar Talata Chela ta zo da zazzafan labari: magatakarda da matar mai kemis. Tana tsakiyar ba ni aka ƙwanƙwasa. Na leƙa ta tsagar ƙofa. Yarinya ce siririya, jariri na tsala kuka a kafaɗarta, gaban rigarta ya jiƙe, ƙasan idonta ɗaya ya yi kore-kore.

"Don Allah, Doña, mai gadi ya ce ba a shayarwa a kan benci. Wai nan ba kasuwa ba ce." Doña ake kiran babbar mace a garinmu, don girmamawa.

Na ce, "Ana gyara, 'yar nan. Sauka ƙasa, akwai bayin mata."

Na mai da ƙofa. Na ce wa Chela, "Ci gaba, sai mai kemis ya ce me?"

A kotunmu ba lasifika. Magatakarda ke fitowa bakin zauren shari'a ya kira suna sau uku, in ba ka amsa ba ya rubuta ba ka zo ba. Ɗakin shayarwa na manne da zauren, shi ya sa aka zaɓe shi. Bayi kuwa yana can ƙasa bayan matakala, kusa da injin ruwa mai rugugi.

Na ji shi sarai. "Marleny Ocoró." Sau uku. Har na zunguri Chela na ce, "Ga wata ta kawo ƙara ta koma barci."

Da rana ina goge matakala suka wuce ni. Yarinyar nan mai jariri ce, wani ƙato riƙe da ƙeyarta kamar mai lallashi. Ta kauce wa inda na jiƙa, ta ce, "Sannu da aiki, Doña."

*

Nubia ta ce, "Marleny ce kika kora, a shagon wankinmu take guga. Wata biyu ina lallaɓa ta kafin ta yarda ta nemi takardar da za ta hana mijin kusantarta. Na ce je ki, uwata na can. Da safen ranar na gaya miki."

Ta gaya mini. Ina sauraron rediyo.

"An ɗaga shari'ar sai bayan sati shida. Shi kuwa ya amsa tun kiran farko, da rigarsa a goge. Kin san wa ya goge ta?"

Na hau goge tebur. Ni da bakina ba ya hutawa ko a coci.

Can na ce, "Na kwashe tsintsiyoyin. Na wanke firij. Tun Laraba ƙofar a buɗe take."

"Wa ya shiga?"

"Ba kowa."

"Yau kwana uku ba ta zo aiki ba. Na je gidan, shi ya buɗe. Wai ba ta jin daɗi."

Na miƙe na hau laluben takalmina a ƙarƙashin tebur. "Tsaya mu koma tare. Ni tsohuwa ce, ba zai hana ni shiga ba."

"Ki je ki yi me, Mama? Ki kwaso labari?"

Ta fita ta buga ƙofar. Ina tsaye a tsakiyar kicin, takalmi ɗaya a ƙafa.