Robar da Gambo Ya Ɗaura

Ranar da Gambo bakanike ya sunkuya ya tsinci takardar nan a bakin tashar Kawo, ranar ce asirin da ya binne shekara uku ya fara tonuwa, shi kuwa bai sani ba. Baƙaƙen Larabci ya gani ana takawa, kuma tun yana yaro aka hore shi da cewa ba a barin sunan Allah a ƙasa. Ya karkaɗe ta ya sa a aljihu.

Sai da ya koma gareji ya duba. Ashe ajami ne, Hausa zalla. Layin farko cewa ya yi: Wa zai ɗauke maka zunubinka?

Ya san mai raba su. Baba Ɗanjuma ne, wani dattijon Kirista mai wa'azin bishara, wanda ke tsayawa gindin dalbejiya da baƙar jaka. 'Yan tasha sun saba da shi, har tsokanarsa suke yi.

"Baba, yau ma ba ka samu kowa ba?"

"Kai nake jira, Nasiru. Naka zunubin sai an kawo tirela."

Gambo bai taɓa shiga wannan raha ba. In ya hango dattijon, kewayawa yake yi ta bayan masu shayi. Shekara uku da suka wuce, wata Juma'a, aka kawo masa bas bututun man birkinta na yoyo. Liman ya kusa hawa mumbari. Ya yanko robar tsohon tiyub ya ɗaure wurin, ya ce wa direba, "Kai Zariya ka dawo, gobe na canza." Motar ba ta wuce Rigachikun ba, a can ta yi haɗari. Mutum bakwai suka rasu har da direban, har da Rifkatu, 'yar Baba Ɗanjuma. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ba wanda ya tambayi birki.

Gambo bai yi kuka ba, bai kuma fasa cin tuwo ba. Abin dai ya zauna masa a ƙirji kamar dutse. Istigfari ya yi shi ba adadi, amma ya sha ji a wurin karatu cewa laifin da ke tsakaninka da Allah daban, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe. Kullum da safe in 'yarsa Harira za ta hau bas zuwa makaranta, sai ya raka ta har titi ya taka birkin motar da ƙafarsa. Direbobi har sun gaji da shi.

Kwana huɗu takardar na aljihunsa. A na biyar ya wanke hannu da fetur ya nufi dalbejiya.

"Baba, ina yini."

"A'a, Malam Gambo! Yau hanya ta biyo da kai?"

"Na karanta takardarka. Ina da laifi a kaina."

Fuskar dattijon ta washe. "Ɗana, dukanmu muna da shi. Yesu Almasihu ya riga ya ɗauka. Ba wanda ya yi masa nauyi, ko da kuwa…"

"Ba na wajen Allah nake nufi ba, Baba. Haƙƙi ne. Naka ne."

Ya faɗa masa duka, da murya irin wadda yake gaya wa direba abin da ya lalace a mota. Juma'ar, yoyon, robar. Bai ji komai ba yana faɗa. Kwandasta na ta kiran Zariya, Zariya, saura mutum biyu.

Baba Ɗanjuma ya daɗe yana daidaita gefen takardun da ke hannunsa.

"Roba," ya ce.

"Roba, Baba."

"Sau nawa ka naɗa?"

"Huɗu. Ko biyar."

Dattijon ya gyaɗa kai kamar an ba shi kwatancen hanya. Gambo ya durƙusa. "Ka yafe mini, don Allah."

Bakin Baba Ɗanjuma ya motsa. Kalmar gafarar da yake faɗa wa matafiya kullum, sau ɗari a yini, ba ta fito ba. Ya juya ya bi titi a ƙafa, jakar na nan jingine da itace, takardun hannunsa na zubewa ɗaya-ɗaya.

Gambo ya bi su yana tsincewa, saboda akwai sunan Allah a ciki. Ya zuba su a jakar, ya kai gareji ya rataye a ƙusa, sama da inda baƙin mai ke fantsama.

Yau wata biyu ke nan. Ba ɗan sandan da ya zo. Mai rake ya kama gindin dalbejiya. Harira na zuwa makaranta tana dawowa, ubanta na taka birki kowace safiya. Nasiru ya ce ya ji dattijon ba shi da lafiya, wani ya ce garinsu ya koma.

Gambo bai san ko Baba Ɗanjuma zai dawo ɗaukar jakarsa ba. Bai kuma san ko an yafe masa ba.