Masu Rakiyar Baƙi

"Ka tahi ka kira mini su," in ji Zubairu, ya riƙe hannun Mumuni gam duk da jikinsa ya ƙare. "Ina son in gan su wuri guda kahin in wuce."

Mumuni baduku ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Konni, ya kuma san waɗanda ake nufi. A shekarun da Turawa masu yawon buɗe ido ke yada zango a garin kan hanyarsu ta Agadas, Zubairu ne ya haɗa su ƙungiya. Shi ke tarbo baƙo a tasha ya kai shi masaukin Nasiru. Nasiru ya rako shi rumfar Mumuni ya sayi takalmi da jaka, Mumuni ya ɗora shi a amalanken Shamsuddin zuwa rugar su Bushira ya sha nono. Dokarsu ɗaya ce: ba a nuna wa baƙo hanya da yatsa, sai ka taka da ƙafarka ka miƙa shi hannun na gaba. Da tsoro ya cika hanyoyi, baƙi suka ɗauke ƙafa, kowa ya kama gabansa.

Mumuni ya fara da masaukin Nasiru, ya tarar ya zama sito. Ɗakunan da baƙi ke kwana an cika su da buhunan siminti har rufi, mai gidan kuwa waya manne a kunne.

"Wayyo Zubairu! Ga kamyo, babbar motar siminti, na tahe daga Malbaza, ba ni iya motsawa. Ka ce mishi da la'asar ina nan."

Shamsuddin ya daɗe da sayar da jakinsa, yanzu kabu-kabu yake yi zuwa iyaka. Da Mumuni ya tare shi, ko babur ɗin bai kashe ba.

"Wace ƙungiya kuma, Baba Mumuni? Allah shi ba shi lahiya. In na komo."

Mumuni ya bi hanyar Tsarnawa da ƙafa, rana na dukansa, ya tarar da rugar su Bushira kufai, sai turaku da busasshen kashin shanu. Wani manomi ya ce tun da aka kwashe musu garke suka tashi, ba wanda ya san inda suka dosa. Nan zuciyar Mumuni ta karye, ya zauna kan kututture ya yi kuka kamar yaro.

Ko da ya dawo, Husna matar Zubairu ta share zaure, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗora shayi a kan garwashi. Da ta ga shi kaɗai ne, ta matsa ta ba shi hanya ya shiga.

"Sun taho?" Zubairu ya tambaya, idonsa a rufe.

"Suna tahe, Malam."

"Madalla. Tsaya ƙohwa ka tarbe su."

Mumuni ya fita ya tsaya yana kallon titi. Yana nan tsaye ya ji salatin Husna daga cikin gida.

Nasiru bai saɓa alkawari ba. Da la'asar ya iso, farin siminti har a gira, ya tarar an riga an kai Zubairu makwancinsa. Ya cire takalmi ya zauna kan tabarma, kusa da butar shayin da garwashinta ya mutu.