Hajiya Ta Ce Ba Ta Hawa

Ƙafar Malam ta dama tana kan matakin jif ɗin, ta hagu tana lilo tana neman ƙasa, sai ya ji wandonsa ya yi ƙara ta baya. Ya tsaya a haka, hannu ɗaya a ƙofa, ɗaya a sitiyari, bai shiga ba bai sauko ba.

"Kowa da haka yake farawa, ranka ya daɗe," in ji dillalin kamfanin, wani siriri mai ɗaure da nakatayi, yana tallafe shi ta ƙugu. "Nan gaba kaɗan jiki zai saba. Akwai wani dattijo da ya saya a wurinmu, yanzu har ciwon bayansa ya tafi."

"Faɗowa ya yi ya tafi?"

Dillali ya yi dariya irin ta aiki, ya tura shi ciki.

Koyar da tuƙi ce sana'ar Malam, kuma tun da ya fara da mota ɗaya yake yi, wata farar salun mai giyar hannu, gajera kamar mai ita. Rabin direbobin unguwarsu a cikinta suka fara kashe inji a tsakiyar titi. Amma a 'yan shekarun nan masu koyo sun ja baya. Mutum zai zo ya zagaya motar, ya leƙa ta daga sama, ya ce shi jif zai tuƙa, me zai koya a nan ƙasa? Wata mata ta ce in ta zauna ciki ji take kamar an sa ta a bahon wanki. Yayyen matarsa kuwa Silifa suke kiran motar, a gabansa.

Da ya gaji, ya zo kamfani ya ce a ba shi sabuwar salun. Aka ce masa ai an daina ƙera motoci masu kwanciya, duniya ta miƙe tsaye. Ya yi ta kai da komo, yau dai ya sa hannu. Ya miƙa makullin Silifa, aka ja ta bayan shago, aka ba shi wannan dutsen da yake zaune a kansa yana hango saman kan dillali.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, autar gidansu, wadda har yau kowa Auta yake ce mata.

"Malam, kana ina? Hajiya ta ce ba ta hawa."

"Ba ta hawa me?"

"Mota mana. Yau ne ganin likitan ƙashi, ka manta? Mun sa mata benci, mun sa bulo, gwiwar ta ƙi. Yaya Babba ya ce a ɗaga ta, ta ce ita ba buhu ba ce, duk wanda ya taɓa ta ba ta yafe ba. In muka rasa yau sai an sake bin layi, kuma ka san watannin da ta yi tana jira. Ta ce a kira ka ka zo da taka."

Malam ya waiga wajen bayan shago. Bai gaya wa Auta yau zai yi musayar ba, so yake ya ba ta mamaki.

"Ina zuwa," ya ce.

Saukowa ta fi hawa wuya. Da ya dira, ya ja rigarsa ya rufe baya, ya ce wa dillali a ara masa tsohuwar motarsa zuwa la'asar.

"Wace tsohuwar motarka? Ai ta kamfani ce yanzu. Kamfani ba ya ba da aro."

"Surukata ce ba lafiya."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ba ya ba da aro." Dillali ya sosa ƙeya, ya rage murya. "Sai dai in saye kake so ka yi. Mai son saye yana da damar gwajin tuƙi, ni kuma dole in zauna a gefe."

"To ina so in gwada ta."

"Madalla. Ka taɓa tuƙa irinta?"

"Ita kanta na tuƙa, tun ba ka fara aski da kanka ba."

"Doka ce in tambaya, ranka ya daɗe."

Suka hau titi. Ko'ina jif ne, dama da hagu, Malam ba ya ganin komai sai tayoyi da ƙasan ƙofofi. Ba su yi nisa ba bakin dillali ya koma ga abin da ya saba.

"Ka ji yadda injin yake numfashi? Mai ita na farko wani dattijo ne mai tsafta, bai taɓa wahalar da ita ba."

"Ni ne."

"Shi ya sa nake faɗa ba fargaba. Ga ta ba ta shan mai. Irin wannan ba ka ƙara samu, an daina yi."

"Ɗazu ka ce mini wannan ne aibinta."

"Ɗazu saye muke yi, ranka ya daɗe. Yanzu sayarwa muke."

A ƙofar gidan surukai jif huɗu ne a jere, baƙaƙe, ƙofofinsu a buɗe. Hajiya tana zaune a kujerar roba a tsakiyarsu, sandarta a kan cinya, ta sha lulluɓi ta haɗe rai. Kewaye da ita ga benci, ga bulo biyu, ga akwatin ƙarfe, har da tsanin mai gyaran wuta. Yaya Babba, babban ɗanta, ƙato mai farar shadda, yana ta waya yana tambayar wani ko ana samun hayar abin ɗaga kaya.

Malam ya durƙusa ya gaida ta, yana kula kada ya juya wa kowa baya.

"Sannu, Malam. Matso da ita nan."

Ya matso da motar har gaban kujera. Auta ta buɗe ƙofar baya. Hajiya ta dafa sanda ta miƙe, ta juya, ta zauna, ta ja ƙafafunta ciki ɗaya bayan ɗaya. Ko nishi ba ta yi ba.

"Kun ga mota," ta ce da 'ya'yanta. "Ita take zuwa wurin mutum. Naku kuwa sai mutum ya yi musu tattaki." Ta hangi dillali a gaba. "Wannan fa?"

"Abokin tafiya ne, Hajiya," in ji Malam.

"Ina wuni, Hajiya. Kin ji laushin kujerar?" in ji dillali.

Auta ta dubi mijinta ta madubi. Ya mai da ido kan titi.

Aka ɗunguma, Silifa a gaba, jif huɗu a baya kamar masu tsaron lafiyarta. A hanya Auta ta yi tambaya ɗaya, dillali ya ba ta amsa goma, kafin su kai asibiti ta san komai. Malam ya san ajiye maganar ta yi, sai sun koma gida.

A bakin ƙofar asibitin an gina sabon tudun rage gudu, mai faɗi da tsayi, an shafe shi da fenti rawaya. Malam ya rage gudu, ya karkata sitiyari ya hau shi a kaikaice, yadda yake koya wa ɗalibai. Tayoyin gaba suka haye. Sai cikin motar ya yi wani gurnani, ta zauna daram a kan tudun. Ya taka totur, tayoyi suka yi ta juyawa a iska. Motar ta ɗan rusuna gaba, ta ɗan rusuna baya, ta tsaya.

Hon ya kaure daga baya. Maigadi ya fito daga ɗakinsa, ya duba sama bai ga komai ba, sannan ya duba ƙasa.

"Ikon Allah. Tun da aka gina shi ba wanda ya yi ƙorafi."

"A sauke mutane ta yi sauƙi," in ji wani.

Auta ta fita, dillali ya fita. Motar ba ta motsa ba. Yaya Babba ya sunkuyo ta taga.

"Hajiya, ki ɗan fito, a kawo keken marasa lafiya."

"A bakin titi? A gaban jama'a? Da mutuncina na shigo, da shi zan sauka, a ƙofar likita."

"Lokaci yana tafiya, Hajiya."

"To ku daina ɓata shi."

Yaya Babba ya miƙe, ya dubi ƙannensa uku, ya naɗe hannun shadda. Malam ya buɗe ƙofa zai fito ya taimaka, maigadi ya mai da ita ya rufe.

"A'a. Mota ba ta tafiya a harabar asibiti ba direba a ciki. Doka ce."

Haka aka yi. 'Ya'yan Hajiya maza huɗu, da dillali, da maigadi, da wasu majiya ƙarfi biyu da suka zo dubiya, suka kama Silifa ta kowane gefe. Aka yi kabbara, ta tashi sama. Malam ya ji ƙasa ta rabu da shi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Sun wuce tudun, amma ba wanda ya ce a sauke, kowa yana jiran wani ya faɗa, ga Hajiya tana nuna hanya da sanda ta taga.

"Ku yi dama. A hankali, kai na baya, kana karkata ni."

Malam ya ga za a yi dama, hannunsa da kansa ya kunna sigina.

Suka ratsa harabar a haka, Yaya Babba yana haki a gaba, hularsa ta zame ta rufe ido ɗaya. Masu jinya suka fito baranda. Hajiya ta ga wata tsohuwar maƙwabciyarta a kan benci, ta ɗaga mata hannu, suka gaisa har da tambayar jikoki. A daidai ƙofar sashen ƙashi aka dire motar. Hajiya ta zuro ƙafafu, ta dafa Auta, ta shiga ana cikin kiran sunanta.

Maigadi ya goge gumi. "Ai da kun tambaya, ƙofar baya ba tudu."

Kowa ya ci gaba da haki.

A bencin ƙofar sashen tsofaffi ne zaune, kowa da sandarsa. Ɗaya bayan ɗaya suka taso suka kewaye Silifa. Wani ya shafa rufinta. Wata ta roƙi a bar ta ta zauna kaɗan, ta zauna, ta fito, ta sake zama don daɗi. Wani dattijo mai ƙarfe a ƙafa ya ce shi da igiya jikokinsa suke jawo shi cikin tasu motar.

"Ina aka samo wannan? Ta sayarwa ce?"

Idon dillali ya yi haske. Ya gyara nakatayi.

"Ta sayarwa ce, Baba, kuma ita kaɗai ta rage."

Malam ya juyo da sauri. Tun a kan tudun yake shirya maganar da zai yi in sun koma, cewa ya fasa, a riƙe dutsen a ba shi abarsa, 'yan koyo su zo ko kada su zo. Ya matso ya kama hannun dillali.

"Dakata, ai ni nake gwajin."

"Gwaji ba saye ba ne, ranka ya daɗe."

Yaya Babba yana zaune a kan dakali yana fifita da hula. Ya ji abin da ake ciki, ya tuna Hajiya za ta yi ta dawowa asibitin nan, ya tuna benci da bulo da tsani. Ya miƙe ya ja dillali gefe. Kafin Malam ya gama haɗa kalmominsa an yi waya da manaja, an gama. Dattijo mai ƙarfe ya yi tsaki ya koma benci.

Malam ya tsaya kusa da motar, ya ɗora hannu a kan rufinta mai zafi. A rana ɗaya an sayar da ita sau biyu, duka a gabansa.

Da Hajiya ta fito fuskarta a sake take, likita ya sa ranar aiki. Yaya Babba ya tare ta da murmushi.

"Hajiya, motar taki ce yanzu. Na saya miki. Malam zai riƙa kai ki duk inda kike so."

Ta zauna a baya, ta gyara lulluɓi, sannan ta dube shi.

"Surukina ba direbana ba ne. Wanda ya saya shi zai tuƙa."

"Ni, Hajiya?"

"To wa na haifa?"

Yaya Babba ya karɓi makulli. Ya sunkuya, ya lanƙwashe, ya cusa kansa ciki har gwiwoyinsa suka rungumi sitiyari. Ya leƙa ƙasa ya daɗe yana kallo. Duk motocin da ya taɓa tuƙawa masu canza giya da kansu ne. Ya sauke gilashi, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ƙannensa ba za su ji ba.

"Malam, ƙafafuna biyu, abin takawa uku."

Malam ya dube shi. Ya dubi Auta, wadda ta juya kai tana danne dariya da gefen mayafi. Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar ta gaba ya zauna kusa da direba, kujerar ta karɓe shi yadda ta saba. Jif ɗinsa yana can kamfani, ya kwana can.

"Na hagun shi ne kuloci, Yaya. Taka shi har ƙasa. Sa giya ɗaya. Yanzu saki kaɗan-kaɗan, kana ba ta mai."

Motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Aka sake, ta sake mutuwa. A na uku ta yi tari, ta matsa taku guda, ta mutu a gaban bencin tsofaffi, waɗanda suka gyara zama don kallo. Gumi ya jiƙe wuyan shadda.

"Ko in karɓa, Hajiya?" in ji Malam. "Rana tana yi."

Hajiya ta jingina, ta ɗora sanda a cinya.

"Bar shi, Malam, ba inda nake sauri. Tafiya da ƙafa ma sai da ya shekara biyu kafin ya iya."