Tattaɓa-kunne

"Ku miƙo min ita nan," in ji Tsohuwa, "ku bar surutun haka."

Ina tsakiyar yi mata kitso ne, don ni ce makitsiyar layin, kuma katanga ɗaya ta raba mu. Idonta ya daɗe da tafiya, da hannu take gane zuri'arta. Duk wanda ya fito daga jikinta yana da ɗan lanƙwasa a saman kunnen hagu.

Wata baƙuwa ce tsaye a bakin ƙofa, ko jakarta ba ta sauke ba, tana riƙe da wata 'yar yarinya mai jan takalmi. Ta ce yarinyar 'yar Direba ce, jikan Tsohuwa da ya rasu a hanya bara. Babu wanda ya san ya yi aure a can inda yake aiki.

Tela, mahaifin marigayin, ya gyara igiyar awon da ke wuyansa. "Inna, kowa fa zai iya ɗauko yarinya ya ce tamu ce. Idan ba tamu ba ce, yau za su koma."

"Kai da aka haifa kamar ɗan ɓera ma ai na karɓe ka."

Aka tura yarinyar gabanta. Tsohuwa ta lalubo kafaɗa, ta hau wuya, ta kama kunnen hagu. Ina bayanta da tsinken kitso a hannu, ina gani sarai. Kunnen a miƙe yake sumul. Yatsunta suka daɗe a wurin, har yarinyar ta ji cakulkuli ta ƙyalƙyale da dariya.

"Tamu ce," in ji Tsohuwa. "Ga shi nan, irin na ubanta. A ba su ɗakin baya."

"Kin tabbata, Inna?"

"Ni na makance ko kai?"

Tela bai matso ya duba ba. Ni kuwa na ci gaba da kitsona.

Ban sake yi mata wani ba. A makon nan ta daina cin abinci, wata safiya kuma aka tashe ta ba ta tashi ba.

Da masu gaisuwa suka ragu, na leƙa ɗakinta don mayar da kujeru. Yarinyar ta yi barci a kan tabarmar Tsohuwa, zufa ta jiƙe mata goshi. Tela ya shigo, ya tsaya a kanta jim, sannan ya juya fanka ta fuskance ta.