Yatsan Lauya

Takalmi ɗaya ne a ƙafata sa'ad da na banka ƙofar gidan Mai Ɗinki. Ɗayan ya zame a bakin kwata, ban ko waiwaye shi ba. 'Yarta, wadda muke kira Nas saboda aikin asibiti take yi, ta tare ni a tsakar gida da kofin magani a hannu. Ta ce tsohuwar ta ɗan samu barci, in yi haƙuri zuwa an jima. Na ce mata haƙurin nan tun kafin ta iya riƙe allura nake yin sa, yau ya ƙare.

Bari in faɗa muku abin da tsohuwar nan ta yi mini, kada ku ce ni ce muguwa. Tagar ɗakin ɗinkinta tana kallon inda nake ajiye talabijin ɗina. Nas ta saya mata waya mai faɗin faranti, duk shirin da za a sa ta riga ta kalle shi a can. Ni kuwa sai in jira ranarsa. In gama shara, in gyara matashi, kiɗan buɗewa ya tashi, sai in ji keken ɗinki ya tsaya cak.

"Maƙwabciya, kada ki ɓata hawayenki, yaron ba nata ba ne."

Haka take yi mini. Aure ne, ta raba shi kafin a ɗaura. Ɓarawo ne, ta kama shi kafin ya haura katanga. Na rufe taga, ta leƙo ta ƙofa da sunan aron almakashi, ita da ke da almakashi kala-kala. Na baza a unguwa cewa kalmasarta a karkace take, ciniki ya ƙaru mata. Na ƙure mata tsofaffin waƙoƙi, ta ƙure mini na yaran yanzu, waɗanda inji ke matse wa murya har ka rantse akuya ce ta faɗa cikin bokiti. Wai ita daɗi suke mata, suna sa ƙafarta sauri a kan keke.

Babbar rigimarmu a kan Lauya ce, wani mai sanƙo a shirin da duk layinmu ke kallo, wanda ya raba 'yan'uwa biyu da gidan ubansu yana murmushi. Ni addu'ata kullum babbar mota ta bi ta kansa. Ita kuwa cewa take shi kaɗai ya iya wasa, sauran kamar an aike su da saƙo sun manta rabi a hanya.

Da ƙafafunta suka kumbura, keken ya yi shiru. Ba zan yi muku ƙarya ba, da fari na ji daɗi, na yi kallo cikin kwanciyar hankali har ina miƙe ƙafa. Sai mai wanki ta tsegunta mini cewa asibiti sun sallamo ta ne ba don ta warke ba. Ta ƙara da cewa Nas ta ƙwace wayar saboda ido, kuma tsohuwar ta rantse ba inda za ta sai ta ga Lauyanta ya yi nasara a kashin ƙarshe. Wato matar nan shirin sulalewa take yi ban rama ba.

Na sa surukata a gaba da magiya da gori har ta nemo mini kashin ƙarshen a wayarta. Da hantsi na zauna na ƙura ido. Lauya ya hau bene, ƙaramin cikin 'yan'uwan ya bi shi, aka yi kokawa, sai ga sanƙo yana lilo a iska. Ya faɗo tim. Aka ja mayafi aka rufe shi. Nan na wurgar da wayar a kan matashi na zuba da gudu, ni da gwiwata ba ta yarda da tsallake tabarma.

Nas dai ba ta iya riƙe ni ba. Ɗakin yana warin man zafi. An lulluɓe keken da tsohon zane, tef ɗin awo na rataye a ƙusa, ga wata riga mai hannu ɗaya a bayan kujera. Mai Ɗinki ta koma kamar ƙyallen da ya rage bayan an yanka yadi.

"Wace ce ke haki kamar tsohon babur?" ta tambaya, idonta a rufe.

"Ni ce. Labari na kawo miki."

Na zauna a bakin gadon, na nemi kunnenta mai ji, na zuba mata a hankali yadda ake ɗura wa yaro magani. Na faɗa mata benen, na faɗa mata ƙarar faɗuwar, na ƙara gishiri da cewa ko mutum ɗaya bai yi masa kuka ba. Wallahi wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafar da ba takalmi.

Sai ƙirjinta ya fara rawa. Na ɗauka tari ne, har na miƙa hannu ga kofin ruwa. Ashe dariya ce.

"Kin kalla har sunayen 'yan wasa suka hau?"

Na janye hannuna daga kofin.

"Gaggawa ce ta hana ki iya ko ɗinkin maɓalli. Bai mutu ba, maƙwabciya. Yatsansa ya motsa a ƙarƙashin mayafin."

Na waiwayi Nas a bakin ƙofa. Ta sunkuyar da kai, ta ce jiya tsohuwar ta dame ta da roƙo, ta riƙe mata wayar dab da hanci.

"Za su ci gaba da shirin," in ji Mai Ɗinki, muryarta kamar zare na shirin tsinkewa. "Ke za ki zauna ki yi ta kallon sa yana cin duniyarsa da tsinke."

Na tashi na fita ban yi mata sallama ba. Kafin la'asar kuka ya tashi a gidan.

A wajen gaisuwa mata suka yi ta cewa a yafe mata. Na ce na yafe almakashin, na yafe waƙar akuya, amma maganar yatsa sai mun haɗu. Wasu suka toshe baki da mayafi, Nas ta yi dariya tana hawaye.

Ranar da aka sa kashin a talabijin na gama shara da wuri, na gyara matashi, na zauna. Lauya ya faɗo, aka rufe shi. Ban motsa ba. Sunaye suka fara hawa, sai aka matso da hoton kusa da gefen mayafin, ƙaramin yatsan nan ya lanƙwashe sau ɗaya.

Na juya wajen tagarta, zagin yana kan harshena. A rufe take. Wani jan zare ya maƙale a jikin ƙarfen, iska na ɗaga shi tana ajiyewa.