Loda a Ƙofar Baba Makanike

"Tsaya! Kai, tsaya, za ka rushe mana katanga!"

Dogo ya taka birki, ƙatuwar tayar lodar ta tsaya dab da dakalin gidan. Inna, matar Baba Makanike, ta fito da ludayi a hannu.

"Dogo, kanka ɗaya kuwa? Likita ya ce ko rediyo kada a kunna masa, kai kuma ka kawo mana katafila har ƙofar ɗaki?"

"Inna, wallahi shi ya ce in kawo ta."

"Ni na ce," wata siririyar murya ta amsa ta taga. "Ku fito da ni."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Dogo da na tsohon. Dogo direban loda ne a wurin da ake lodin yashi, kuma motar ta daɗe tana kunyata shi. Da safe tana ɗaga bokiti kamar wasa, amma da injin ya ɗau zafi sai hannunta ya mutu, bokitin ya riƙa zamewa ƙasa da yashin a ciki. Mai motar ya kafe cewa Dogo ne ya kashe famfon haidurolik da tuƙin ganganci, ya ce ko ta gyaru a makon nan ko ya ajiye makulli. Dubiya Dogo ya shiga wurin Baba, bakinsa ya suɓuce ya faɗa masa matsalar. Tsohon da ya yi watanni bai ko leƙa waje ba sai ga shi yana neman hularsa.

Dogo ya ɗauko shi cak, ya ji ba nauyi kamar jarkar da babu mai, ya zaunar da shi a kujerar roba.

"Mai?" in ji Baba.

"Cike yake."

"Yana kumfa?"

"Ko kaɗan."

"Filta?"

"Sabuwa fil."

"To, tayar da ita."

Injin ya kama ruri, yara suka cika bakin layi. Baba ya karkatar da kai, ya lumshe ido yana saurare.

"Wannan famfon? Ai ya fi ni lafiya."

"Wa bai fi ka lafiya ba, Malam?" Inna ta ce, tana gyara masa matashi.

Ya sa Dogo ya yi ta ɗagawa yana saukewa har man ya yi zafi, sannan ya ce a kwantar da bokitin a ƙasa a kashe inji. Suka matsar da kujerarsa jikin motar. Ya ɗora tafin hannu a kan silindar hagu, ɗaya daga cikin biyun da ke ɗaga hannun lodar, ya daɗe. Aka zagaya da shi dama. Yana taɓawa ya fizge hannu yana dariya, dariyar ta koma tari.

"Ga ɓarawon! Taɓa ka ji."

Dogo ya taɓa. Kamar dutsen guga.

"Amma Baba, na duba ƙasa, ko ɗigo babu."

"Ku direbobi ke nan. In ba ku ga mai a ƙasa ba, sai ku rantse babu yoyo. Robar ciki ce ta cinye. Man yana kurɗawa ta gefen fistin da ke cikin silindar yana komawa gida abinsa, inda yake kurɗawar nan ne ke zafi."

Washegari Dogo ya zo da sabuwar roba, mai waldan ƙarshen layi ya kawo sarƙa da ƙarafuna suka sauke silindar. Baba yana kujerarsa tun hantsi, baki ba hutu.

"Ajiye sukundireban nan! In ka karce sandar silindar, ka gama da ita. Shafa wa robar mai, ka tura a hankali. Da jariri ma haka kake yi?"

"Baba, ka tausaya mana," in ji mai walda. "Ni ko ɗan garejinka ban taɓa zama ba, ga shi ina shan faɗa."

Ranar tsohon ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari. Inna ta koma ciki da kwano tana murmushi, tana mitar cewa da ta san maganin ke nan da tuni ta yi hayar katafila.

Rana ta karkata suka ɗaure tiyo na ƙarshe. Dogo ya ciko bokitin daga tulin yashin wani gini da ake yi a layin, ya ja liba. Hannun ya miƙe sama babu gargada.

"Bar shi a can, ka kashe inji," in ji Baba. "Kowa ya kauce daga ƙarƙashinsa. In ya sauko ko kaɗan, a sake kwancewa. Ni bari in ɗan runtsa."

Dogo ya kira mai motar a waya. Mutumin ya iso da fuska a ɗaure, ya zagaya lodar, ya ɗaga kai ya yi ta kallon bokitin yana jira ya motsa. Da wuyansa ya gaji sai ya sosa ƙeya.

"Gobe ka fito da wuri, tifofi sun taru."

Dogo ya juyo da sauri. "Baba! Ka ji? Baba, bai sauko ba!"

Inna tana zaune a dakali kusa da kujerar, hannun tsohon a cikin nata.

"Rage murya, ɗan nan," ta ce. "Ya riga mu."

Dogo ya durƙusa a wurin. Can ya ce, "Ya gani kuwa, Inna?"

"Idonsa yana kai. Ni na rufe masa."

Maƙwabta suka fara shigowa, suna raɓawa ta jikin katanga ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce a janye motar a ba mutane hanya. Dogo ya hau, ya zauna, ya sa makulli, ya kasa murɗawa. Ta gilashin gaba yana ganin bokitin can sama cike da yashi, wata tattabara ta sauka a bakinsa tana gyara gashinta.