Tsatsar da Ta Hau Sama

Auta tana da sana'a biyu, kuma ba sa ga maciji da juna. Ta farko kwalliya: a kawo mata fuskar da ta sha wahalar duniya, ta mayar da ita sabuwa fil. Ranar da babu aiki kuwa sai ta ja kujera zuwa teburin da ke bakin taga, ta ɗauko ɗan taragon jirgin ƙasa wanda bai fi tafin hannu ba, sabo gal daga kwali, ta yi ta bin sa da fenti da garin alli mai launi har ya koma kamar ya shekara talatin yana shan rana da ruwa. Ta biyun sha'awa ce kawai, amma da ita take taƙama.

A ƙungiyarsu ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa, dattawa ne masu furfura suke duƙawa suna leƙen layin dogo kamar masu neman allura. Kowa da gwanintarsa, amma in ana maganar tsufar da tarago, babu mai ja da Auta. Da tsofaffin buroshin gira take aiki. Ta san inda ƙura take kwanciya, da inda hannun ma'aikaci yake goge ƙarfe ya yi sheƙi. Ba ta da kunyar faɗa kuma. In ta ga aikin wani ya yi muni sai ta ce, "Wannan ba tsufa ya yi ba, faɗawa kwata ya yi."

Babban wanta ne ya shigar da ita harkar. Mai gyaran agogo ne, ko kuma a ce a da, don rawar hannu ta sa ya rufe shago. Ana saura mako a yi baje kolin ƙungiya ya zo gidanta da kwalin takalmi a hammata, ya buɗe a kan tebur. Taragon kaya ne da ya ƙera da hannunsa, da siraran katako da tagulla, kowace ƙusa ƙanƙanuwa kamar ƙwayar yashi. A gefe guda ya yi rubutun lamba da farin fenti, siriri kamar gashi. Kashi uku ya kawo shi: gangar jiki, rufi, da ƙafafu.

"Ban manne ba, don ki ji daɗin aiki," in ji shi. "Ki tsufar min da shi, Auta. Ina so in ga yana gudu a bayan jirgi ranar Asabar."

"Yaya, ka kawo kayanka inda ya dace. Sai ka rantse daga tashar jirgi na sato shi."

Ya yi murmushi, ya sa hannuwansa a aljihu don kada ta ga yadda suke kaɗawa. Ta gani. Dukansu sun san wannan ne tarago na ƙarshe da zai ƙera, kuma babu wanda ya faɗa.

Washegari da hantsi ta zauna. Ta rufe rubutun da salatif don kada fenti ya taɓa shi, ta kafa gangar jikin a kan wuyan kwalba, ta fara. Aikin ya zo mata kamar ruwa. Ta ɗiga jan fenti a kan kowace ƙusa, ta jiƙa buroshi kaɗan, ta ja shi ƙasa, sai tsatsa ta zubo siririya tana dusashewa. Wata uwar amarya ta kira a waya tana ta bayanin irin girar da take so a yi wa 'yarta, Auta ta maƙale wayar a kafaɗa tana "to, to," hannunta bai tsaya ba. Da ta gama ta ja baya ta duba, ita kanta sai da ta yaba wa kanta. Ta fita baranda ta fesa man da yake rufe aiki ya riƙe shi har abada.

Da ya bushe ta ɓare salatif. Rubutun Yaya yana tsaye a kan kansa.

Ta daɗe tana kallo. Gangar tarago in babu rufi babu ƙafafu akwati ne kawai, sama da ƙasa duk ɗaya, ita kuwa a kife ta kafa shi. Ta juya shi daidai, ta ɗora rufin. Daga kowace ƙusa tsatsa ta miƙe tana hawa sama. Ruwan sama shi yake jan tsatsa, ruwa kuwa ko yaro ya san inda yake nufa. Kunya ta rufe ta ita kaɗai a ɗaki.

Wankewa ba ta taso ba. Abin da zai cire man nan zai tafi da fentin Yaya da rubutunsa, ya jiƙa katakon ya bankare. Hannun da ya yi su kuma babu shi yanzu.

Amma Auta ba ta cikin masu zama su rafka tagumi. Kafin shayinta ya huce dabara ta zo mata. Tarago da yake a kife, ai tsatsarsa daidai take zuba! Sai a ce ya goce daga layi shekaru da yawa da suka wuce, ya faɗa rami, aka bar shi a nan ƙafafu a sama. Ta yanko kwali ta yi gangare, ta shafa manne ta barbaɗa ƙasa, ta dasa ciyawar zare, har da ɗan kududdufi mai sheƙi. Ta manna wa taragon rufinsa da ƙafafunsa, ta kifa shi a ciki. Wallahi abin ya yi kyau, ya ma fi yadda ta zata. Ta ce a ranta, gwani ko ya faɗi, da salo yake faɗuwa.

Ranar Asabar da safe zauren ya cika da ƙarar jan tebura. An haɗa layin dogo ya zagaye ɗakin, da gada da tasha da ramin dutse da jirgi yake bi ta ciki. Auta ta ja Yaya gefe, ta ajiye kwalinta a kusa da kwana, ta yaye ƙyallen da ta rufe shi.

"Yaya, na yi ɓarna, amma na gyara. A kife na yi aikin, tsatsar ta hau sama. To ka ga, in ya kwanta haka, babu mai cewa uffan. Kowa ya zo nan zai tsaya, na yi maka alkawari."

Ya sa tabarau ya duƙa. Ya dubi ciyawar, ya dubi kududdufin, ya dubi ƙafafun da ya goge ɗaya bayan ɗaya suna kallon silin.

"Ya yi kyau," in ji shi.

"Ai na faɗa maka."

"Ya yi kyau ƙwarai. Ciro min shi."

"Yaya, in ya hau layi kowa zai gani. Likitan nan na ƙungiyarmu ma yana nan da madubinsa."

"Ya gani mana." Ya miƙe, ya cire tabarau. "Auta, kin san wahalar da na sha kafin ƙafafun nan su juya ba gargada? Hannu yana rawa, ina jira ya lafa, in ɗan taɓa, in sake jira. Ba don ya kwanta a rami na yi haka ba. Shago an rufe, agogon hannuna ma jikana ke ɗaura min. Shi ma sai a kwantar da shi a shuka masa ciyawa?"

Maganar ta soke ta. Sai yanzu ta gane cewa duk dabarar nan sunanta ta tsare, ba taragon ba. Ta ciro shi daga ramin, ta hure ƙasar da ta manne a rufin, ta miƙa masa.

Ya kai shi bakin layi da hannu biyu. Ƙafafun suka yi ta ƙwanƙwasar ƙarfen, sun ƙi zama. Ta so ta karɓa, sai ta fasa, ta riƙe masa wuyan hannu kawai. Rawar ta ragu. Ƙafafun suka zauna, ya tura taragon a hankali har ya haɗe da na gabansa.

Aka kunna wuta, jirgi ya motsa. Taragon Yaya ya bi sahu sumul, ya haye gada, ya sha kwana ko girgiza bai yi ba.

Likita, likitan haƙori ne da ba ya rabo da madubin ƙara girma, ya tare jirgin da ido a tasha. Ya duƙa, ya ɗago, ya sake duƙawa.

"Ikon Allah! Jama'a, ku zo ku ga tsatsa tana hawa sama. Wane gwanin ne ya yi wannan?"

Kawuna suka juyo. Auta ta gyara tsayuwa.

"Ni ce, Likita. A kife na yi shi. Ka ƙare dariyarka, sannan ka duba ƙusoshin nan ka faɗa min ko ka taɓa ganin irinsu."

Aka kwashe da dariya, har da masu tafi, don an daɗe ana jiran ranar da za a kama ta. Ta tsaya ta sha, ba ta sunkuyar da kai ba. Da ta waiwaya ta nemi Yaya, ba ya wurin. Yana can ƙarshen zaure ya durƙusa a bakin ramin dutse, haɓarsa a kan tebur, yana jiran taragonsa ya fito.